Na Zaɓar wa Taubashina Katin da Na San Wutarsa Ba Za Ta Ɗauka Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Tun daga farko bari in faɗa da bakina: ni ne mai laifi a wannan labari, duk ta inda aka juya shi ba za a same ni da gaskiya ba. Ban zo don a wanke ni ba. Roƙona ɗaya, kafin ku fara zagina ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya fi wanda za ku yi mini, kuma shawara nake nema da gaske.

Ni mutumin Rano ne, ina da mata da 'ya'ya biyu, karatuna bai wuce sakandare ba. Ina da ɗan shago inda nake ɗauka da haɗa bidiyon biki, suna, walima da saukar karatu. Shekara bakwai ina wannan sana'a, kuma a duk yankinmu in aka ce mai bidiyo, ni ake nufi. Wanda na cuta ɗan kawuna ne da ke Kibiya, zan kira shi Nafi'u a nan duk da ba sunansa ba ne. Mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito, kun ga ke nan taubashina ne, abokin wasana. Wata biyar kacal na ba shi. Tun muna yara ba ya kiran sunana, sai dai ya ce bawana, ni kuma in ce masa ubangidan da ba ya ciyarwa. Babu irin maganar da ba ma jifan juna da ita a gaban kowa, a yi dariya a tashi. Ku riƙe wannan, don nan gaba shi ya zame mini bala'i.

Nafi'u noma yake yi da mahaifinsa, da rani kuma yakan zo shagona ya zauna muna hira. A haka ya fara taɓa kwamfuta. Ni da na koya masa ban ɗauka zai yi nisa ba, sai ga shi cikin shekara biyu hannunsa ya fi nawa. Wallahi ya fi nawa, yau na iya rubuta wannan, da can ko a zuciyata ba na yarda in faɗa. Ya san inda zai yanke, ya san inda zai bar fuskar tsohuwa tana dariya ta ɗan daɗe, abin da ni ban taɓa lura da shi ba. Wata rana wani mutumin Lausu ya zo da aikin ɗaurin auren ƙaninsa, ina zaune a kujerata a cikin shagona, ya dube ni ya ce, “Malam, ina yaron nan na Kibiya? Irin wanda ya haɗa wa maƙwabcina nake so.” Na yi murmushi na ce ai duk aikin shago ɗaya ne. Amma tun daga ranar wani abu ya zauna mini a ƙirji. In na ji ana yabonsa sai in ji kamar an tsinka mini mari. Wa ya nuna masa inda ake kunna kwamfutar? Wa ya biya kuɗin hayar shagon da yake zama yana burge mutane? Haka nake ta faɗa wa kaina.

Da kawu ya ga abin ya kama shi, sai ya yanke shawarar buɗe masa nasa shagon a Kibiya. Ya sayar da san da ya yi wata takwas yana turkewa, ya kira ni har gida ya ce, “Kai ka san kan abin nan. Ka tafi da ɗan'uwanka Kano ka zaɓar masa kaya masu kyau, ni ban san komai a ciki ba sai addu'a.” Na ce to Kawu, in sha Allahu. Mun haɗa kwamfutar tebur daidai ƙarfinmu, aka sa masa farantin sola biyu da batir da ƙaramar inbata, tunda wutar gwamnati a unguwarsu sai an ga dama. Abu ɗaya ya rage, katin girafik.

Ga wanda bai sani ba, katin girafik wani allo ne mai fanka da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke ɗaukar nauyin bidiyo. In yana da ƙarfi, kana gama haɗa aiki ka danna fitarwa, kafin ka sha shayi ka yi 'yar hira ya gama. In ba shi da ƙarfi, ka tafi sallah ka dawo ka ci abinci ka same shi yana rarrafe. Akwai na manya da kuɗinsa ya haura na sabon babur, akwai na ƙasa da ba ya tsinana komai, mu masu ƙaramin ƙarfi a na tsakiya muke wasa. Ni kaina nawa ya tsufa, ƙwaƙwalwarsa giga huɗu ce kacal, na fi wata shida ina tara kuɗi ina bin bayanai a waya, ina gwada wannan da wancan, farashi da ƙarfi da cin wuta da zafi. Don haka ranar da muka shiga kasuwar kayan kwamfuta a Kano, babu abin da mai shago zai gaya mini da ban sani ba.

Ya fito mana da guda biyu ya ajiye a kan gilashi. Ya dafa na farko ya ce, “Wannan sabo ne dal a kwalinsa, giga takwas, fanka biyu, garantin shekara guda. Shi kaɗai ya rage mini a tsohon farashi, wanda zan saro gaba sai da ƙari mai yawa.” Ya dafa na biyu ya ce, “Wannan kuma gwanjo ne, giga goma sha biyu, fanka uku, sati ɗaya nake bayarwa na gwaji. Ya fi sabon araha da dubu arba'in.”

Bari in gaya muku gaskiyar waɗannan katunan yadda na san ta a wannan minti. Gwanjon ba lalatacce ba ne, ga wanda ke da tsayayyar wuta da babban akwatin wuta, wato abin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutarsa, ya ci riba in ya saye shi a wannan kuɗi. Amma cin wutarsa ya ninka na sabon, kuma in ya ɗauki aiki zafinsa kamar murhu. Sabon kuwa ɗan lafiya ne, wuta kaɗan yake sha, wajen fitar da bidiyo bai bar wa gwanjon komai ba, kai kace don mai sola aka ƙera shi. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar Nafi'u ƙarami ne, ni na zaɓe shi da hannuna. Inbatarsa ni na ɗaura ta a bango. Na san rarar dubu arba'in ɗin nan ƙarya ce, don kafin gwanjon ya zauna lafiya a Kibiya sai an canza akwatin wuta, an canza inbata, an ƙara batir, kuɗin da ya ninka rarar sau da yawa. Kuma sabon nan shi ne ainihin wanda na yi wata shida ina mafarkinsa.

Nafi'u ya ɗauki kwalin sabon yana juyawa, fuskarsa kamar an ba yaro kayan sallah. Sai na hango shi a Kibiya yana fitar da aiki cikin minti talatin, da wannan hannu nasa, ni ina Rano da tsohon katina ina jiran awa uku. Na hango mutanen Lausu da na Rurum suna wuce ƙofar shagona a kan babur. Mai shagon ya buɗe baki ya ce, “Wace irin wuta gare ku a can? Don shi wannan babban…” Ban bari ya ƙarasa ba, na ce, “Wuta ba matsala ba ce, sola gare shi.” Na juya ga Nafi'u na ce, “Kai ubangida, ko lissafin firamare ka manta? Goma sha biyu da takwas wanne ya fi? Fanka uku da biyu fa? Ga rarar dubu arba'in a aljihunka.”

Ya ce, “Amma wannan sabo ne fa, ga garanti.”

Na ce, “Kwali ka zo saya ko aiki? In kwali kake so mu biya wajen masu taliya su ba ka kyauta.”

Ya yi dariya, ya ajiye sabon, ya ɗaga gwanjon da hannu biyu ya ce, “Kai, ji nauyi kamar bulo! Lallai wannan namiji ne.” Ya dubi mai shagon ya ce, “Ka ga wannan? Bawana ne, gadonsa na yi. Yau dai ya yi wa ubangidansa rana.” Aka gwada katin a babbar kwamfutar shago da janareta yana ruri a waje, ya yi aiki lafiya lau. A mota muna dawowa ya saya mini tsire da lemo. Na ci, jama'a. Na ci har na suɗe takarda.

Washegari da sassafe na ce wa maiɗakina zan je sayo waya, na hau mota na koma Kano ni kaɗai, na cike kuɗina na sayi sabon. Mai shagon yana rubuta rasit ya ɗago ya dube ni ya ce, “Ba jiya ka ce kwali ne ba?” Na ce wani ne ya aiko ni. Ya miƙo mini. Na dawo na soka shi a kwamfutata na ɗaure murfin, kwalin kuma na tura shi can bayan kabad da rasit ɗin a ciki.

Sati na farko Nafi'u bai ga matsala ba, don ƙananan ayyuka yake yi, hoton fasfo da katin gayyata. Da rarar kuɗin ya sa aka rubuta masa allon shago mai kyau, ya sayi benci. Sai da satin gwaji ya wuce ya samu babban aikinsa na farko, saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya a Kahu. Malamin makarantar ya ce shi ɗan gida zai ba wa, ba sai an je Rano ba. Ya ɗauki bidiyon awa huɗu, ya zauna kwana uku yana haɗawa, iyayen yara sun biya, ana so a raba musu a filashi ranar Juma'a kafin baƙin da suka zo daga nesa su watse. Ranar Laraba ya danna fitarwa. Minti goma, fankokin nan uku suka ɗauki ƙara, kwamfuta ta mutu ɗif. Ya sake, ta mutu. Ya kashe fankar shago da ƙwayayen fitila, ya cire cajin wayoyin mutane, ya zauna cikin gumi ya sake, ta kai rabi ta mutu. A karo na bakwai ko na takwas inbatar ta yi ƙara ta fitar da hayaƙi.

Ya kira ni ya ce, “Bawana, kana ina? Abin nan ya ƙi.” Kun san me na ce? Na ce, “Anya ba kai ka taɓa wani abu ba? Ka san hannunka da rawar kai.” Ranar Alhamis da azahar sai ga shi a kan babur, ya ƙunso ma'ajiyar aikin a cikin leda, idonsa ja. Na jona a kwamfutata. Minti arba'in aiki ya fita. Ya tsaya yana kallon kwamfutar ya ce, “Ikon Allah, tsohuwar nan taka har yanzu da sauranta.” Na ce ai iya lallaɓa ta ne. Kuma ban tsaya nan ba. Da ya fita yin alwala, na sa sunan shagona da lambata a ƙarshen bidiyon na sake fitar da wannan gutsuren. Da ya gani na ce ai ƙa'ida ce, duk aikin da ya fita daga nan sai da suna. Ya ce ba komai, ai ka fitar da ni kunya. Aikin nan shi ne mafi kyawun bidiyon sauka da na taɓa gani, kuma duk gidan da ya shiga a Kahu sunana suka karanta. Bayan wata ɗaya malamin da kansa ya kawo mini aikin walimar ƙaninsa, yana cewa yaron Kibiya yana da ƙoƙari amma kayansa ba su da tabbas.

Na samu abin da nake so ko? To me ya sa tun daga lokacin duk sanda na ji fankar katin nan tana juyawa a hankali sai gabana ya faɗi? Me ya sa in na zauna cin abinci sai in tuna tsiren nan? Nafi'u ya gyara inbata ta sake ƙonewa. Ya mayar da katin Kano aka ce lafiyarsa ƙalau, wutarsa ce ba ta isa ba, in kuma sayarwa zai yi sai dai a karye. Shagon da aka buɗe don bidiyo ya koma wajen cajin waya da tura waƙoƙi.

Abin da ya karya ni ranar kasuwa ya faru. Kawu ya shigo shagona da sandarsa, ya sa aka sauke mini rabin buhun gyaɗa. Ya zauna a benci ya ce, “Na zo in yi maka godiya ne. Nafi'u ya gaya mini yadda ka fitar da shi kunyar mutanen Kahu. Allah ya yi maka albarka.” Sannan ya ce, “Ni dai ina ganin kansa bai ɗauki abin nan kamar naka ba. Ka zaɓar masa kaya mafi girma a kasuwa, ya kasa riƙewa. Na gaya masa, san nan da na sayar da na san haka ne da na bar shi ya kai sallah.” Ƙafarsa tana dab da kwamfutata, tsakaninsa da katin da ya kamata ya zama na ɗansa bai fi taku ɗaya ba. Na ce, “Kawu, a yi masa haƙuri, sana'a sai a hankali.” Da ya tafi na rufe shago na zauna a ƙasa. Tsohon nan shi ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare lokacin da mahaifina ya rasu.

Sati biyu bayan haka muka haɗu da Nafi'u a wani suna a Rurum Tsohon Gari. Na ja shi gefe bayan an shafa fatiha, na tattaro duk ƙarfin halina na ce, “Nafi'u, katin nan da gangan na zaɓar maka shi. Na san wutarka ba za ta ɗauka ba. Baƙin ciki nake yi da kai.” Wallahi sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ƙwala wa abokanmu kira ya ce, “Ku zo ku ji, bawana ya ce shi ya karya ni! Dama yaushe bawa ya taɓa son ci gaban ubangidansa? To na ji, tararka kaza biyu, a kai Kibiya kafin Juma'a.” Kowa ya yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Shekara talatin muna gaya wa juna maganganun da suka fi wannan muni da sunan wasa, yau na zo da gaskiya ta ƙi shiga. A nan na gane cewa a cikin wasan nan na ɓoye hassadata tun farko, duk baƙar maganar da na jefe shi da ita a shago ina nufinta, shi kuwa bai taɓa nufin ko ɗaya ba.

Juma'ar da ta wuce na kwance kwamfutata na ciro katin, na mayar da shi kwalinsa, na ɗaure a bayan babur na tafi Kibiya bayan an sauko daga masallaci. Na same shi shi kaɗai a shago, wayoyin caji jere a gabansa, kwamfutar an rufe ta da zani. Yana ganina ya ce, “Ina kajina?” Na ajiye kwalin a kan tebur, na ciro rasit na miƙa masa na ce ya duba kwanan wata. Ya gane kwalin nan take. Ya karanta rasit ɗin, ya sake karantawa, na ga yana lissafi da leɓɓansa. Dariyar ta bar fuskarsa a hankali.

Ya ce, “Washegari ka koma.”

Na ce, “Washegari.”

“Ranar da na kawo maka aikin Kahu, shi ne a ciki?”

Na ce shi ne.

Ya ajiye rasit ɗin a kan tebur. Sannan ya kira ni da sunana na yanka, har da Malam a gaba, abin da bai taɓa yi ba tun da muka fara magana a duniya. Ya ce, “Da ka ce mini kana so, wallahi da na bar maka. Da na jira wata uku na sayi wani. Ni a zatona shagon nan namu ne mu biyu, in aiki ya yi maka yawa ka turo, in ya yi mini yawa in turo.” Na ce ya riƙe katin, na zo da niyyar in gyara masa inbata kuma in je wajen malamin Kahu in faɗa masa wanda ya haɗa bidiyon. Ya tura kwalin gabana da yatsa ɗaya ya ce, “Ɗauki kayanka, kuɗinka ka sa. Ni da an gama girbi zan tafi kudu ci-rani, na riga na yi magana da masu tafiya. Kuma kada ka damu, ba zan gaya wa Baba ba. Hawan jininsa ba zai ɗauka ba, ga Gwaggo.” Gwaggon da yake nufi mahaifiyata ce. Ko a wannan hali ita yake tunani.

Na durƙusa a kan simintin shagon nan, ni da na girme shi, na ce, “Nafi'u, ba wasa nake yi ba yau. Na ga Allah ya ba ka abin da bai ba ni ba, na kasa jurewa. Na cuce ka, na cuci Kawu, na ci amanar da aka damƙa mini, na sa sunana a kan guminka. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don girman Allah ka yafe mini.”

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Wani ya leƙo karɓar wayarsa, ya tashi ya cire masa daga caji. Na fito na bar kwalin a kan tebur. Da yamma sai ga wani direban Kibiya ya kawo mini shi har shago, an ɗaure da igiya, ba saƙo.

Yanzu girbi saura 'yan makonni. Kawu yana nan yana ganin ɗansa ne ya kasa, ni kuma ɗan albarka. In na je na gaya masa gaskiya, na karya abin da Nafi'u ya zaɓa ya rufe, kuma ban san abin da zai faru tsakanin tsohon da mahaifiyata ba. In na yi shiru, zai hau mota ya tafi da laifin da ba nasa ba, ni in zauna da kwali a bayan kabad. Katin yana nan ban mayar da shi cikin kwamfuta ba, hannuna ya ƙi. Jama'a, don Allah ku gaya mini, me zan yi kafin motar nan ta tashi?